Yadda Ake Kafa Lesin na Asabar da Lahadi Don Shirya Ɗaliban Sakandare Shiga Jami'a

Tun da aka ji ƙungiyar unguwarmu na tara yaran sakandare ranakun Asabar da Lahadi, ba na rasa mai tare ni a ƙofar masallaci ko wajen ɗaurin aure: "Malam, ta ina kuka fara? Nawa kuke kashewa? Mu ma muna so mu yi a tamu unguwar." Bayani a tsaye ba ya ƙarewa, shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Kafin komai, ɗauki biro ka yi wannan lissafin. Daga komawa makaranta a Satumba zuwa Afrilu, lokacin da aka saba zana JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, mako 30 ne da 'yan kai. Cire makonnin biki, da na jarrabawar zango, da waɗanda malami zai yi tafiya, za ka tsira da kamar 25. In kana awa uku Asabar, uku Lahadi, awa 150 ke nan. Raba wa darussa huɗu, kowanne bai kai awa 40 ba. Da wannan ɗan lokacin ba za ka maimaita wa yaro manhajar shekara uku ba, ko kai waye. Abin da za ka iya shi ne ka gano inda ɓarakar kowane yaro take ka toshe, ka saba masa da agogo da kwamfuta, sannan ka tsare shi daga kuskuren takardu. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

1. Yanke su wa za ka ɗauka

Kada ka ce kowa ya zo. Shekararmu ta farko haka muka yi, muka sanar a masallaci cewa kyauta ne, ranar farko yara suka cika aji har tagogi, daga ɗan aji ɗaya zuwa wanda ya gama sakandare shekara uku da suka wuce. Malamin Lissafi ya tsaya da alli a hannu bai san wa zai yi wa magana ba. Kafin wata guda sun watse, saura 'yan tsiraru.

Fara da 'yan aji biyar da 'yan aji shida, ka raba su. Kada aji ya wuce mutum 30, domin duk mako sai an duba aikin kowa, kuma malamin sa-kai ba zai duba takarda 80 ba. In ƙarfinka na aji ɗaya ne kawai, ni dai 'yan aji biyar zan ba ka shawara ka ɗauka. Mutane ba sa son jin haka, kowa hankalinsa na kan wanda zai zana jarrabawa bana. Amma ɗan aji biyar shekara biyu gare ka da shi, kuma har yanzu ana iya gyara masa darussan da zai yi wa rajistar WAEC da NECO. Ɗan aji shida kuwa sau da yawa alƙalami ya riga ya bushe.

Waɗanda suka gama makaranta suna son sake zanawa, a ware musu nasu zaman. Buƙatarsu daban ce, kuma zamansu da ƙannensu a benci ɗaya yakan sa su daina tambaya don kunya.

2. Wuri da izini

Mafi sauƙi shi ne firamare ko sakandaren gwamnati da ke unguwa, tunda ajujuwanta a kulle suke ƙarshen mako. Rubuta takarda zuwa ga hedimasta ko firinsifal, ka bi ta hannun kwamitin kula da makarantar, kuma ka fara gaida mai unguwa ka shaida masa. In shugaban makarantar ya ce sai an ji daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kada ka ga kamar wulaƙanci ne, bi hanyar. Izinin baka ba ya daɗewa, ranar da aka yi wa shugaban canjin wurin aiki shi ke nan.

Je ka duba wurin da idonka: akwai benci, akwai bayan gida mai ƙofa, akwai ruwa kusa? Bayan gidan nan kada ka raina shi, rashinsa kaɗai ya isa ya hana 'yan mata dawowa. Sannan ka san maigadi, ka sa shi a lissafin kuɗi, don mabuɗin a aljihunsa yake.

3. Lokaci

Nan ne lesin da yawa ke mutuwa tun ba a je ko'ina ba. Asabar da Lahadi a wurinmu ranakun Islamiyya ne, wasu da safe, wasu bayan la'asar, masu hadda ma wuni suke. In ka sa lesin ya yi karo da Islamiyya, iyaye za su zaɓi Islamiyya, kuma ka jawo wa kanka sunan mai raba yara da karatun addini. Je ka sami shugabannin Islamiyyun da yaranka ke zuwa, da ladabi, ka nuna musu jerin sunayen. Mu da muka yi haka, malaman da kansu suka mayar da 'yan aji shida zaman yamma har zuwa bayan jarrabawa, muka sami ƙarfe 8:30 zuwa 11:30 na safe. In akwai ɗalibai Kirista, safiyar Lahadi ta coci ce, sai a mayar da zaman ranar bayan azahar.

Safiya ta fi, ko don zafin Maris da Afrilu. Ga kuma wani dalili da ba a faɗa: da yammacin Asabar ake buga ƙwallon Ingila, kuma yaron da ya fito daga gida da littafi a hammata ba lallai ajinka ya nufa ba.

Hattara: a Kano Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ce, ba a zirga-zirga da sassafe, don haka a ja zaman ranar zuwa bayan ƙarfe goma. Sannan a 'yan shekarun nan azumi na faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Maris, daidai lokacin rajistar JAMB da shirin ƙarshe. Kada ka rufe, rage zaman zuwa awa biyu da sanyin safiya. A 2025 Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun ba makarantu hutu tsawon azumi. In irin haka ta sake faruwa, ƙara zama biyu a tsakiyar mako.

4. Gwajin ranar farko

Ranar farko ba a koyarwa. Ba su gwaji: tambaya 20 ta Turanci, 20 ta Lissafi, da ɗan rubutu na shafi guda kan abin da suka sani, misali yadda ake zuwa kasuwa daga gidansu. Sirrin shi ne rabin tambayoyin Lissafin su zama na ƙaramar sakandare: kasa-kasa, kashi cikin ɗari, lambobi masu alamar ragi, sauya gefen lissafi. A nan za ka sha mamaki. Za ka ga yaron da ya haddace dokokin Fiziks tas amma in aka ce ya raba rabi da kwata sai ya tsaya yana kallon silin. Irin wannan yaron ko ka shekara kana yi masa Fiziks ba zai ci ba, domin ba a nan ciwon yake ba.

Ka faɗa musu ba za a kori kowa saboda gwajin ba, kuma ba za a karanta maki a bainar jama'a ba, in ba haka ba za su kwafi na juna ka rasa abin da kake nema. Buɗe babban littafi, kowane yaro da shafinsa: suna, lambar wayar uba ko uwa, makin gwajin farko, abin da yake son karanta. Wannan littafin shi ne ofishinku.

5. Takardu, tun a watan farko

Wannan matakin ya fi kowanne gajiyarwa, kuma shi ya fi ceton yara. Na ga waɗanda tambaya ba ta kayar da su ba, takarda ta kayar da su.

Fara da NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, kuma suna da ranar haihuwar da ke kanta su JAMB ke kwasowa kai tsaye. Ka ce kowa ya kawo takardar NIN ɗinsa da sunan da makaranta za ta tura wa WAEC da NECO, ka ajiye su gefe da gefe ka duba harafi-harafi. Mu Hausawa nan muke shan wuya: a nan an rubuta Muhammad, a can Mohammed, a nan sunan uba ne a ƙarshe, a can sunan gari, ranar haihuwa kuwa wani wa ne ya ƙiyasta ta a gaban mai ɗaukar hoto. Gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, na cin kuɗi da lokaci, don haka a Oktoba ake fara shi, ba a Fabrairu da layi ya kai titi ba.

Na biyu, layin waya. Kowane ɗalibi na buƙatar layinsa da ba a taɓa yi wa wani rajistar JAMB da shi ba. Ta wannan layin ake tura kalmar NIN da lambobinta 11 zuwa 55019 ko 66019, a sami lambar da ake sayen fom da ita, kuma ta shi saƙonnin hukumar ke zuwa har bayan jarrabawa. Kada a yi amfani da layin wa ko ya da suka zana bara, kada a yi da na mai shagon intanet. In yaro ba shi da waya, a sa layin a wayar mahaifiyarsa a riƙa kira da shi lokaci-lokaci don kada kamfani ya rufe shi.

Na uku, kuma mafi nauyi, haɗin darussa. Zauna da kowane yaro minti goma ka tambaye shi me yake son karanta, sannan ku buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB, wanda ke shafin hukumar kyauta tare da manhajar kowane darasi, ku duba abin da ake nema. Turanci dole ne ga kowa. Mai son likitanci zai haɗa da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya, Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Akanta, Lissafi da Ikonomiks da wani darasin zamantakewa. Lauya kuwa mafi yawan jami'o'i na neman Adabin Turanci. Hausa da Larabci da Ilimin Addinin Musulunci duk darussa ne da ake zanawa a JAMB, kuma ga wanda kwas ɗinsa ya yarda da su, wuri ne na tara maki da yaranmu ke rainawa.

Ga abin da ya sa nake nanata wannan. Mun taɓa samun wani yaro mai kaifin baki, tun yana aji huɗu abokansa ke ce masa Barista. Ya ci JAMB da maki mai kyau, muka yi ta murna. Sai wajen tantancewa aka tarar ba shi da Adabin Turanci a sakamakon sakandare, domin makarantarsu ba ta da malamin darasin, ba a ma yi masa rajistarsa ba. Babu wanda ya duba, har da mu. Ranar da ya zo ya shaida mini, takardar na naɗe a hannunsa ya murɗe ta kamar tsumma, bai ce komai ba sai "Malam, wai ba ni da Litireca." Shekara guda ta tafi a banza. Da mun zauna da shi yana aji biyar, da an nemo masa malami an sa darasin a rajista.

Ƙa'idar da aka sani ita ce kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi ga masu kimiyya da fasaha da darussan zamantakewa, a zama ɗaya ko biyu, kuma kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ba sa shiga lissafi. Wasu jami'o'in ba sa karɓar zama biyu a likitanci. Sannan shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, a duba wannan ga yaran da aka tsallakar da su aji.

6. Malamai

Nemi malamai huɗu zuwa biyar, kowa ya zo sau ɗaya a mako. Malaman sakandare na unguwa, masu yi wa ƙasa hidima, ɗaliban jami'a 'yan ajin ƙarshe, da malaman da suka yi ritaya. Kowanne da aibinsa: ɗan hidimar ƙasa zai gama ya tafi, wataƙila ana saura wata guda jarrabawa, don haka tambaye shi watan da zai kammala, ɗalibin jami'a zai ɓace lokacin tasa jarrabawar. Kowane darasi ya kasance da na ko-ta-kwana.

Kada ka ɗauki malami da takardar shaida kawai. Ba shi tambayoyin JAMB goma na darasinsa ya warware a gabanka, sannan ya yi wa yara bayanin biyu. Wanda ya ji haushin haka ya sauƙaƙe maka. Ka kuma tabbata akwai mace a cikin malaman, ko wata dattijuwa da iyaye suka sani da ke zama har a tashi. Yawancin iyayen 'yan mata wannan suke fara tambaya kafin su tambayi kuɗi. Doka ɗaya ba sassauci: malami ba ya keɓewa da ɗaliba, ba ya karɓar lambarta; saƙo ta wayar iyaye yake bi.

7. Kuɗi

Kyauta zalla ba ta yi mana aiki ba. Abin da ba a biya ba, ranar da aka yi baƙi a gida ko aka aiki yaro kasuwa, shi ake fara yadawa. Sa ɗan kuɗi kaɗan na wata, ka ware kujeru na marayu da marasa hali ba tare da sauran yara sun san su waye ba.

Ga yadda ake lissafin, da alƙaluman misali. Sa naka daidai da farashin garinku. Yara 30, an yafe wa biyar, sauran 25 na ba da naira 2,000 a wata, an sami 50,000. Malamai huɗu, kowa zuwa huɗu a wata, kuɗin mota 2,000 a kowane zuwa, 32,000 ke nan. Saura 18,000 na fotokwafi da alli ko maka da ruwan leda da ihsanin maigadi. Fotokwafi ne ke cinye kuɗi fiye da zato, tunda duk mako akwai gwaji. A buga gaba da baya, yara su rubuta amsa a littafinsu, a karɓe takardun tambaya a ajiye wa aji na gaba.

Abin da ba ya cikin wannan lissafin shi ne hayar kwamfuta da kuɗin fom. A 2025 rajistar JAMB ta kama naira 7,200, in da jarrabawar gwaji 8,700, kuma kuɗin na iya canjawa kowace shekara. Shaida wa iyaye tun Oktoba su fara tarawa, ko a buɗe musu adashi. In za ka je wurin mai hali, kada ka ce a taimaka wa lesin. Ce masa ga yara biyar, ga makinsu, kuɗin fom ɗinsu ake nema. An fi saurin sa hannu a aljihu in an ga abin da za a biya.

Hattara: mai karɓar kuɗi daban, mai ajiya daban, kuma a karanta lissafi a gaban iyaye duk ƙarshen zango. In ɗan siyasa ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma kada a liƙa hotonsa a aji.

8. Yadda awa ukun ke tafiya

Darasi biyu a rana, kowanne minti 80, hutun minti 20 a tsakani. Malami ba ya shigowa ya fara cika allo da rubutu yara na kwafa. Wannan suna samu a makaranta Litinin zuwa Juma'a. Tsarin shi ne gwaji tukuna, bayani daga baya.

JAMB tambaya 180 ce a cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowanne daga sauran ukun, kowane darasi maki 100, jimla 400. Raba minti 120 da 180, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Don haka kowane darasi ya fara da tambaya 30 a minti 20, agogo a gaban allo, in lokaci ya cika a ajiye biro ko an gama ko ba a gama ba. Su yi musayar littafi su duba wa juna. Sai malami ya ce, "Wa ya faɗi ta bakwai?" a ɗaga hannu. Tambayar da rabin aji suka faɗi, ita ce darasin ranar. Wadda kowa ya ci a wuce ta, ko da malamin na son batun.

Kowane yaro ya mallaki littafi guda na kurakurai kawai: tambayar da ya faɗi, amsar da ya zaɓa, dalilin da ya sa ba ita ba ce. Makon ƙarshe kafin jarrabawa wannan littafin zai karanta, ba wani ƙaton kundi ba.

Hattara: littattafan tambayoyin shekarun baya da ake sayarwa a kasuwa na ɗauke da amsoshi na kuskure nan da can, musamman a Lissafi da Kemistiri. Malami ya warware da kansa tun a gida. Ba abin da ke zubar da girman malami kamar ya kafe kan amsar bayan littafi, yarinya a benci na uku ta nuna masa ba haka ba ne.

Turanci kuwa sai na ɗan daɗe a kansa, don shi ne ƙashin bayan duka. Yaro na iya sanin hanyar lissafin sarai, amma bai gane abin da tambayar ke nema ba, saboda kalma ɗaya ta Turanci da ke nufin "aƙalla" ko "ya zarce" ko "ban da". Mu abin da muke yi, bayani da Hausa in ta kama, amma tambaya da amsa da Turanci, kuma kowane malami, har na Fiziks, ya fitar da kalmomi biyar na darasinsa duk mako a rubuta a gefen allo. Wasu malaman na ganin Hausa a aji faɗuwa ce. Ni ban yarda ba, na ga yaron da ya shekara biyu yana haddar wata doka ta Kemistiri bai gane ta ba, aka yi masa misali da jiƙa kanwa a ruwa, ya ce "Au, dama wannan ne?" Sai dai in aka tsaya a Hausar aka manta da mayar da shi Turancin, ranar jarrabawa ba mai fassara masa.

Ranar Lahadi a ware minti 15 na karatu a bayyane, kowa sakin layi ɗaya daga jarida ko littafin da JAMB ta zaɓa na shekarar, wanda tambayoyi ke fitowa daga cikinsa. A nan ake kama matsalar furuci, irin rikita p da f da muka gada daga harshenmu, wadda ke cin maki a ɓangaren sautuka. Kuma duk mako biyu a ba da insha'i. WAEC na neman kalma kamar 450, yaron da bai taɓa cika shafi biyu ba hannunsa ma ba zai kai ba.

In yaro ya yi fashi sau biyu a jere, a kira gida a ranar.

9. Kwamfuta

Tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, WAEC ma ta fara gwada hakan ga masu zanawa daga waje a 2024. Iya latsa waya ba iya kwamfuta ba ne. Ranar da muka fara kai yaranmu wata cibiya, wanda ya fi kowa Fiziks ya kama linzamin kwamfutar da hannu biyu kamar zai gudu, kibiyar na yawo a fuskar kwamfutar yana bin ta da ido, gumi na ɗiga a haɓarsa. A minti 20 tambaya tara ya amsa, shi da ke gama 30 a takarda.

Yi ciniki da wata cibiyar kwamfuta ko makarantar da ke da ɗakin kwamfuta, a kai su aƙalla sau huɗu kafin jarrabawa, na farko tun Disamba. Akwai manhajojin gwaji da ke aiki ba intanet. Kwamfutar tafi-da-gidanka biyu ko uku na aro ma sun isa a riƙa juyawa a aji. Koya musu barin linzamin: harafin A, B, C ko D na zaɓar amsa, N na kai ka tambaya ta gaba, P na mayar da kai baya, S na miƙa aiki. A ja musu kunne kan S ɗin nan, kada hannu ya je wurin sai an gama darussa huɗun. Su saba da kalkuletar da ke cikin kwamfutar, tunda ba a shiga da ta hannu. Ba a rage maki don an faɗi tambaya, saboda haka kada a bar ko ɗaya ba amsa. Kuma duk mai hali ya biya kuɗin jarrabawar gwaji ta JAMB, kuɗin bai tafi a banza ba.

10. Rajista da ranar jarrabawa

Ana buɗe rajista ne a farkon shekara, kuma a cibiyoyin da JAMB ta amince da su kaɗai ake yin ta. Ku je rukuni-rukuni a makon farko ko na biyu, da malami ɗaya riƙe da babban littafin nan. Kowane yaro ya karanta abin da aka cika masa a kwamfuta kafin a tura: suna, darussa huɗu, kwas, jami'a. Ma'aikacin cibiya na sauri ne, layi na jiransa, ba zai tsaya tantance maka Bayoloji da Aikin Gona ba.

Hattara, wannan ta 'yan mata ce musamman: ban da lalle a yatsu. Ana ɗaukar zanen yatsu wajen rajista, a sake dubawa a ƙofar ɗakin jarrabawa, kuma JAMB da kanta ta yi gargaɗin cewa lalle na hana na'urar karantawa. A faɗa wa iyaye mata tun da wuri, ko bikin wa ake yi a gidan, ko Sallah ce ta matso.

Wajen zaɓen jami'a a faɗa wa yaro gaskiya. Jami'o'in tarayya na raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a masu ƙarancin ilimin boko, don haka jami'ar yankinku ta fi kusa da hannu. Yawancinsu kuma wanda ya sa su zaɓin farko suke dubawa. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka amince da shi 150 ne, amma wannan ƙofar gida ce kawai. Likitanci da lauya da injiniya a Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Danfodiyo sun fi haka nesa ba kusa ba. A shekarar, cikin kusan mutum miliyan 1.9 da suka zana, fiye da miliyan 1.3 ba su kai 200 ba. Yaron da ke samun 170 a gwajinku har Janairu, a taimaka masa ya zaɓi kwas ɗin da zai samu.

Da an fitar da takardar wurin jarrabawa a buga ta, a je a ga cibiyar kwana ɗaya kafin ranar. Waya da agogo a bar su a gida. Duk wanda ya zo da maganar za a ƙara maki ko akwai cibiyar da ake ba da amsa, a sallame shi; kuma malamin da ya kawo irin wannan zancen ajinku, ranar ya gama.

11. Bayan JAMB kada a watse

Da an fito daga JAMB yara sai su ga an gama, alhali WAEC na bakin ƙofa, NECO na biye da ita wajen Yuni da Yuli. A juya akalar lesin zuwa rubutun dogon bayani: nuna hanyar lissafi layi-layi, taƙaita labari, zana hoton Bayoloji da sa masa sunaye. 'Yan kimiyya na buƙatar taɓa kayan gwaji da hannunsu, don haka a roƙi wata makaranta mai ɗakin gwaje-gwaje ta ba ku Asabar biyu. Masu zana jarrabawar NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci, ko NABTEB ta makarantun koyon sana'a da kasuwanci, a duba jadawalinsu daban.

12. Bayan sakamako

Kira zama ɗaya a watan da sakamakon sakandare ya fito, kowa ya zo da nasa. Wanda ya yi rajistar JAMB kafin sakamakonsa ya fito, dole ya koma cibiya a ɗora shi a shafin hukumar, in ba haka ba jami'a ba za ta gan shi ba ko makinsa nawa ne. A bi sanarwar tantancewa ta jami'ar da ya zaɓa, domin wasu jarrabawa suke yi, wasu lissafi kawai suke da sakamako, kuma wa'adin gajere ne. Gurbin karatu ta tsarin CAPS na JAMB yake fitowa, a nan ɗalibi zai shiga ya karɓa da kansa; gurbin da bai bi ta nan ba matsala ce ke jiran sa a gaba. Wanda makinsa bai kai ba, akwai canjin kwas ko makaranta, akwai kwalejin ilimi da ta kimiyya da fasaha, akwai IJMB da ke kai mutum aji biyu na jami'a, akwai makarantun share fage irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Wanda kuma ya samu amma kuɗin makaranta ya gagara, a nuna masa asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 don 'yan makarantun gwamnati. Ba ruwa a bashin, kuma zai buƙaci lambar JAMB da NIN da BVN.

Kafin a tashi daga wannan zaman, buɗe babban littafin, a shafin kowane yaro ka rubuta makin JAMB da kiredit ɗinsa a ƙarƙashin makin gwajin ranar farko, da inda ya samu gurbi. Karɓi sabuwar lambar wayar waɗanda za su tafi jami'a, ka tambayi wanda zai iya ɗaukar aji in ya zo hutu. Da wannan littafin za ka koma wurin mai unguwa da shugaban makaranta a Satumba neman sabunta izini.